Jibbar Auduga a Kan Dutsen Habasha

Amina, Safiya, da ke auta Ihlas, kun daɗe kuna matsa mini in rubuta abin da na sani tun idona bai gama mutuwa ba. Na yarda, amma kada ku sa ran zan fara daga kakanninmu da yadda suka baro Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Gadarif suka yada zango har yau. Wannan kun ji shi har kun gaji. Shekara guda ce ta tsaya mini a rai, shekarar da na hau dutsen Habasha da yayanku. Kuna ƙanana a lokacin, Ihlas ma tana goye, kuma labarin tafiyar nan da kuka tashi kuna ji a tsakar gida ba a ba ku shi daidai ba. Ni na je, don haka ni ya kamata in gyara.

Sana'ata kun san ta. Munajjidi ne ni, mai shiɓar auduga da ɗinkin katifa da matashi da lihafi, bargon nan mai cike da auduga. Shi ya sa kowa, har uwarku, yake ce mini Usta, wato gwanin sana'a. Rumfata tana layin masu gadon igiya a babbar kasuwa, kuma shekara ashirin da wani abu da wuya a yi amarya a unguwarmu ba ta kwanta a kan aikin hannuna ba. Na so in ce ba don alfahari nake faɗa muku ba, amma ƙarya zan yi, don alfahari ne, kuma alfaharin nan shi ne tushen labarin. Na yarda da auduga yadda wasu suka yarda da laya. Mutum ya zo mini yana kukan sanyin hunturu, in ɗinka masa lihafi, bayan kwana uku ya dawo yana kukan zufa. Uwarku Halima takan ce da za a tsaga kaina ba ƙwaƙwalwa za a tarar ba, auduga ce. Ban taɓa musa mata ba.

Shekarun nan ne da ake yaƙi a Janub, kudancin ƙasa, ana kame samari ana turawa. Kasha ake ce wa kamen. Lori zai tsaya a bakin kasuwa ba sallama, sojoji su toshe layi ta gaba da ta baya, duk wanda gashin baki ya fara fito masa kuma ba takarda a aljihunsa sai a jefa shi sama kamar buhun dawa. Haka aka tafi da Haruna, ɗana na biyu, yana cikin dako a kasuwar amfanin gona. Shekararsa sha bakwai, amma Allah ya ba shi tsayi da faɗin kafaɗa, ga baki, ba a faɗa masa ɗaya bai mayar da biyu ba. Na shiga ofis uku da takardar haihuwarsa, kowanne aka ce mini kamata ya yi in yi murna. Bayan wata bakwai wasu mutane masu gajeren gemu suka shigo gidanmu da hantsi, da buhun sukari da rago da lasifika. Suka ce Haruna ya yi shahada, sun zo yi masa biki, yau ango ne a Aljanna, don haka ba a kuka, guɗa ake yi. Gawa babu, kabari babu. Suka kafa rumfa a ƙofar gida, maƙwabta suka taru saboda tsoro, aka zaunar da ni a kujera ana ba ni hannu ana ce mini mabruk, wato barka. Na karɓa. Wannan ma ku sani, na karɓa, hannu bayan hannu, har aka watse. Uwarku ce ta shige ɗakin ciyawarta ta ja ƙofa. Wata mace cikin tawagar ta bi ta tana ƙwanƙwasawa.

"Ya Hajja, fito ki yi guɗa, ke ce uwar ango."

"Ku kawo mini angon in gan shi," in ji Halima daga ciki, "sai in yi."

Yayanku shi ne ɗan farinmu. Ku 'yan zamani kuna dariya in an faɗa, amma mu yadda muka tashi mutum ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Shekara goma sha tara ban kira shi da sunansa ba. "Kai" nake cewa, ko "ɗan makaranta", shi ya san da shi nake. Siriri ne, marar magana, duk damina sai zazzaɓi ya kayar da shi, kuma in ka ce masa zauna nan, nan za ka dawo ka same shi. Makaranta ce ta kare shi daga kasha har ya gama. Sai aka fito da doka cewa ba mai ganin sakamakon jarrabawarsa sai ya shiga sansanin horo, kuma kowa ya san ina ake wucewa daga sansanin. Aka liƙa sunaye a bangon makaranta, nasa yana ciki, aka ba su mako uku. Ranar da ya kawo labarin uwarku tana toya kisra, wainarmu ta dawa, a rakuba, rumfar nan ta tsakar gida. Ta bari har ya shiga ɗaki, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Usta, na ba su ɗaya. Na biyu sai dai su bi ta kan gawata. Ka fitar da shi."

"In kai shi ina? Kowace hanya da shinge."

"Ban sani ba. Kai ne namiji, kai ne ɗan kasuwa. Halas, shi ke nan, na gama magana."

Ta ci gaba da toyawarta. Ni kuwa na gane cewa in na sake zama a kujerar nan aka ba ni hannu karo na biyu, ba zan ƙara iya haɗa ido da matar nan ba. A ranar na ƙudura cewa ko a ka zan ɗauke shi sai na tsallakar da shi.

Akwai wani Bahabashe Musulmi, sunansa Yimam, da yake saukowa daga duwatsunsu duk shekara yin ƙodago a gonakin riɗi na Fashaga. Damina takwas yana ajiye jakarsa a rumfata, yana kwana a kan buhunan audugata kafin lori ya kwashe su zuwa gona. Mutum ne ƙarami, busasshe, Larabcinsa a karye, amma in ya faɗi magana ba ya ƙara ta biyu. A lokacin an gama cirar ciyawa, zai koma gida ya ga iyali kafin yankan riɗi. Na ja shi bayan rumfa na faɗa masa damuwata. Bai yi dogon tunani ba, ya ce yaro zai zauna a gidansa kamar ɗansa. Sai dai hanyar ta ƙafa ce, ta daji, domin a shekarun gwamnatocin biyu ba sa ga maciji, an rufe iyaka. Kwana biyar a ƙasa mai zafi, sannan wuni guda cur na hawa. Da ya kai nan sai ya dube ni tun daga rawani har takalmi.

"Usta, hanya ba mushkila. Dutse ne mushkila. Safe sanyi, hantsi wuta, azahar ruwa da ƙanƙara, yamma iska. Sau huɗu yana juyawa a wuni, kai ma sai ka juya tare da shi."

"To me ake sawa?"

Ya buɗe jakarsa ya nuna mini. Riguna biyu shara-shara, da wani farin mayafin saƙa da suke ce wa gabi, ƙyalle ne marar kauri an ninka shi huɗu, da buhun leda da aka farke gefe guda, ana kifa shi a ka ya rufe baya. Can ƙasan jakar kuma wani ƙulli ne cikin leda, an ɗaure shi da igiya tamau.

"Wannan ba a taɓa shi," ya ce. "Busasshen gabi ne. Ko sanyi yana kashe ka a hanya ba ka buɗewa, sai ka tsaya inda ruwa ba ya taɓa ka. Ka sa marasa kauri da yawa, Usta, kada ka sa mai kauri ɗaya. Ka ji zafi, cire ɗaya tun kafin zufa. Ka tsaya hutu, mayar. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, shi ne daidai."

Na ɗaga gabin na hangi rana ta cikinsa. Dariya ta taso mini na haɗiye. Na ce a raina talauci ne ya koya wa bayin Allah nan yawo da rariya a jiki suna kiranta tufa. Mutumin da ya kwana a kan audugata damina takwas, shi ne yau zai koya mini maganin sanyi? A fili na ce masa kwayyis, ya yi kyau, na gode, amma ya bar mini wannan ɓangaren.

Kwana huɗu na rufe rumfa na ce ba ni da lafiya. Na fito da audugar da nake ɓoye wa manyan amare, na shiɓe ta har ta yi laushi kamar kumfa, na yanka jibba biyu masu dogon hannu har gwiwa. Tawa na cika ta daidai. Ta yayanku na ninka mata auduga, saboda ramarsa da zazzaɓinsa, saboda kuma akwai abin da ban iya faɗa masa da baki ba, sai na cusa shi a cikin jibba. Halima ta ce ita za ta yi ɗinkin da ke riƙe audugar. Ba ta taɓa riƙe basillata ba, amma ta zauna a rakuba tun safe har la'asar tana bi layi layi, kowane suka da salati, har yatsunta suka fashe. Da ya gwada, ya tsaya a tsakar gida hannuwa a buɗe ya kasa sauke su, kuka fashe da dariya, Amina ta ce Yaya ya zama katifa. Ita ce dariya ta farko a gidan tun rasuwar Haruna. Uwarku ma ta murmusa, ta zagaya bayansa tana gyara kafaɗar jibbar, ta daɗe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Mun bar Gadarif a tirelar tarakta cikin 'yan ƙodago, domin baƙar lakar damina ta hana lori bin hanyar Doka. Na sa masa tsummokaran aiki, na ba shi lauje, na ce ko an zage shi kada ya buɗe baki. A shinge biyu sojoji suka leƙo, suka ga Habashawa masu warin zufa, suka ɗaga mana hannu. Bayan Doka muka sauka muka shiga daji, muka tsallake rafin iyaka da ruwa har ƙugu, can nesa da Gallabat. Kwana biyar ɗin nan ba zan ɓata muku takarda a kansu ba. Zafi ne da sauro da ciyawar da ta fi mutum tsayi, mu kuma ga jibbobi a naɗe a ka kamar masu tallar katifa. A rana ta huɗu zazzaɓi ya ɗan taɓa yayanku, ya sha ƙwaya ya ce ya warke, amma na lura abinci ba ya shiga. Tun rana ta uku muke hangen dutsen, shuɗi, ya tare gabas gaba ɗaya. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai da Yimam ya rantse mini kafin na yarda ba hadari ba ne.

Ranar hawa muka yi sallar asuba a gindinsa, sanyi ya sauko mana daga sama irin wanda ban taɓa ji da damina ba. Na kwance jibbobi da murna muka saka. Ɗumi ya ratsa ni, na kalli Yimam cikin 'yar rigarsa da gabinsa yana hura hannu, na ji tausayinsa har na yi niyyar ɗinka masa tasa in mun koma. Ya miƙo mana buhunan leda biyu da ya tanada dominmu. Ba su zauna a kan jibba ba, kuma ni ban ga yadda usta mai rumfa a babbar kasuwa zai kifa buhu a ka ba. Na ninke su na danne da dutse na bar su a wurin. Hanyar ta awaki ce, tana nannaɗe dutsen, wani wurin sai ka kama saiwa da hannu biyu ka ja jikinka. Kafin hantsi zufa ta fara bin bayana. Yimam tuni ya cire gabinsa ya ɗaura a ƙugu, ya tsaya yana jiranmu.

"Cire, Usta. Yanzu. Kai da walad, yaronka."

"In mun cire mu riƙe da wane hannun? Bari, zufa ce kawai."

A wurinmu zufa ba komai ba ce. A Gadarif mutum yana wuni a jiƙe, ya ɗan zauna a inuwa jallabiya ta bushe. Kuma tun muna yara iyayenmu suka dasa mana cewa mai zufa ba ya tuɓe riga a sarari, iska za ta shige shi ta kama masa haƙarƙari. Da wannan ilmin na hau dutsen mutane. Yimam ya sake faɗa, abin da ba halinsa ba, na yi kamar ban ji ba. Da rana ta take, yayanku, wanda bai taɓa roƙona komai ba, ya tsaya yana haki, fuskarsa tana ɗiga.

"Yaba, in cire ta kaɗan? Ta yi nauyi."

"Iska za ta shige ka. Uwarka ta fasa yatsunta a kanta, ba za ka ja ta cikin ƙaya ba. Wuce mu tafi."

Ya ce to, ya ci gaba da hawa. Wannan "to" ɗin ina jin sa har yau. Da ya yi mini gardama irin ta Haruna, da na gode masa.

Bayan azahar, mun kusa kaiwa sama, sai rana ta ɓace kamar an hure fitila. Gajimare ya taso daga ƙasanmu, daga kwarin da muka baro, ya lulluɓe mu har ba na ganin ƙafata. Yimam ya kwance gabi ya yafa, ya kifa buhunsa, duk kafin in gama mamaki. Sai ruwa, sai ƙanƙara tana dukan kai kamar tsakuwa, sai iska mai yanka kunne. Ni da na shekara ashirin ina gargaɗin amare kada su bar katifa a waje da damina, ban taɓa tunanin abin da ruwa zai yi wa katifar da mutum yake sanye da ita ba. Audugar ta riga ta sha zufa ta ciki, yanzu ta sha ruwa ta waje. Ta dunƙule, ta zazzago ƙasa, ta yi nauyin tunkiya a kafaɗata, kuma ɗan ɗumin da ke jikina sai ta riƙa zuƙe shi tana miƙa wa iska. Wannan tawa ke nan, mai cika ɗaya. Tasa ninki biyu ce.

Ina gaba ina jin haƙoransa suna kaɗawa a bayana, ina ce masa ya daure saura kaɗan. Can sai na daina jin su, na ce alhamdu lillahi ya fara sabawa. Yimam ne ya waiwaya ya dube shi, ya jefar da sanda ya komo a guje. Yayanku yana zaune a tsakiyar hanya ruwa yana bi ta ƙarƙashinsa, yana ƙoƙarin cire takalmi da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Leɓɓansa sun yi fari fat, kuma murmushi yake yi.

"Yaba, ku je. Zan ɗan kwanta. Haruna ya ce in jira shi a nan."

Muka ɗauke shi, ni kafaɗu Yimam ƙafafu, ban san yadda muka yi ba, har wani kogo da makiyaya suke fakewa. Ƙasansa cike da kashin awaki, amma a bushe yake. Itace duk ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Yimam da ya saba gaishe ni kai a sunkuye ya daka mini tsawa, ya ce in cire masa jibbar. Igiyoyinta sun kumbura sun ƙi kwantuwa, hannuwansa sun sandare, ba ta fita. Almakashina na aiki yana cikin jaka, ba na tafiya ba shi. Na sa shi tun daga wuya har ƙasa na keta ɗinkin Halima layi bayan layi, ruwa yana tsiyaya daga audugar, muka zare yaron daga ciki, muka tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga. Na taɓa ƙirjinsa na ji sanyi kamar na randa. Yimam ya ciji igiyar ƙullin nan nasa ya fito da busasshen gabi. Shi kansa karkarwa yake, amma bai ko dubi jikinsa ba.

"Gabi ba ya kawo zafi, Usta, tsare shi kawai yake yi. Walad ba shi da zafin da za a tsare. Tuɓe. Rungume shi, ƙirji da ƙirji, fata da fata."

Na tsaya. Ku yi mini dariya ko ku yi mini kuka, amma na tsaya. Yaron da ban taɓa ɗauka a kafaɗa ba, ban taɓa riƙe hannunsa a kasuwa ba, in tuɓe a gabansa, a gaban baƙo, in rungume shi? Ban daɗe ba, ƙila numfashi uku ne, amma ina sa su cikin zunuban da nake neman gafararsu. Na fizge jibbata na yar, na tuɓe jallabiya, na zauna na jawo shi jikina. Yimam ya naɗe mu da gabin, ya tare bakin kogo da buhunsa ta inda iska ke shigowa, sannan ya zauna ya sa tafin ƙafafun yaron a kan cikinsa. Kan yayanku ya faɗo a wuyana, idanunsa suna rufewa.

"Kada ya yi barci. Kira shi!"

"Kai. Kai, ɗan makaranta, buɗe ido."

"Ba ya ji. Ya zol, bawan Allah, ba shi da suna ne? Kira sunansa!"

Ni na raɗa masa sunan a kunne yana ɗan kwana bakwai, daga nan ban sake furta shi ba. Na sa bakina a kunnen.

"Idrisu."

Bai motsa ba. Na ɗaga murya har kogon ya amsa.

"Idrisu! Idrisu, ɗana, ni ne babanka. Kada ka bi Haruna. Na roƙe ka, kada ka bi shi."

Na yi ta kira ina kuka ba kunya, ban san sau nawa ba. Can na ji wani ɗan motsi a ƙirjina, sai ya ƙaru, sai jikinsa gaba ɗaya ya kama karkarwa har haƙoransa suna bugun kafaɗata. Na firgita, na zaci fitar rai ce. Yimam ya yi dariya hawaye yana zuba, ya ce rawar sanyi ta dawo, wanda ya daina ta shi ake wa tsoro. Ya jiƙa sukari a tafin hannu ya riƙa ɗiga masa a baki. Kafin magariba ruwa ya ɗauke, rana ta fito ja kamar ba a yi komai ba, yayanku ya buɗe ido ya ga inda yake kwance. Kunya ta kama shi ya yunƙura zai janye. Na ƙara matse shi na ce ya zauna inda yake.

Ƙauyen su Yimam ba shi da nisa da kogon, makiyaya suka taya mu ɗaukarsa. Mako biyu yana kwance da ciwon ƙirji, matar Yimam tana ba shi madara mai zafi da kunun sha'ir, ni ina gefensa a yafe da gabin aro. Ran da ya fara takawa da kansa na je na durƙusa wa Yimam na ce ya yafe mini. Ya ɗago ni ya ce ba komai, aikina yana da kyau ƙwarai, amma a kan gado. Da lokacin yankan riɗi ya yi zai sauka, dole in bi shi, domin in na daɗe za a fara tambaya a unguwa. Yayanku ya raka mu har bakin gangara. Ban iya dogon jawabi ba. Na ce masa ya ji maganar mutanen nan a kan komai, ko sun ce ya kifa buhu a ka. Shi kuma abu ɗaya ya roƙe ni, game da uwarku.

"Yaba, kada ka faɗa wa Yumma abin da jibbar ta yi."

Na sauko da riguna biyu shara-shara da gabi, ina cirewa ina mayarwa duk inda Yimam ya ce, ko atishawa ban yi ba. Abin da ya biyo baya kun san wasunsa. 'Yan kwamitin unguwa sun zo sau uku, na ce musu yaro ya gudu ban san inda ya nufa ba. Aka karɓe mini rumfa na koma shiɓa a gida, waɗanda suka ba ni hannu suna mabruk suka daina amsa gaisuwata. Duk wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba, kuma da za a maimaita shekarar da na sake hawa. Yayanku ya shekara shida a can, uwarku ta rasu a ta biyar, ba ta sake sa shi a ido ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda muka yi da ita ranar da na dawo. Na shigo da la'asar, ni kaɗai, a rame. Tana tankaɗe a rakuba. Ba ta tashi ba, ta dai ajiye rariyar ta dube ni.

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Yana gaishe ki."

Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago.

"Akwai sanyin da aka ce?"

"Akwai, shadid, mai tsanani."

"Jibbar fa? Ta riƙe shi?"

Matar nan an raba ta da 'ya'yanta maza duka biyu. Abin da kawai ya rage mata shi ne ta san hannunta ya yi wa ɗanta wani abu a inda ƙafarta ba za ta iya zuwa ba. Ban yi ko numfashi uku ba wannan karon.

"Ta riƙe shi," na ce. "Ba don ita ba da ba mu kai ba."

Washegari ina dawowa daga masallaci na tarar ta shimfiɗa tabarma ta fito da basilla da zare. Ta ce hunturu yana tafe, guda ɗaya ba za ta ishe shi ba, a fara ta biyu Yimam ya tafi masa da ita in an gama riɗi, kuma wannan karon in ƙara auduga. Na ɗauko bakana na zauna na fara shiɓa. Guda biyar muka ɗinka kafin ta rasu, kowace shekara guda ɗaya. Yimam yana ɗora su a ka ya hau dutse da su, bai taɓa tona ni ba, ni kuma ko sau ɗaya ban rage mata auduga ba.